Wanda ya dama kunun takardar fa, ina sunansa?

1/ Jama'a, akwai wani abu a duniyar masu fasaha da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai sassaƙa ya je baƙuncin aiki a gidan da ake yin takarda da hannu, ya fito da aiki, a kafa a gidan baje koli da sunansa shi kaɗai. Wanda ya yi takardar fa? Shiru kake ji. Ku biyo ni.

2/ Ga yadda tsarin yake. Akwai Dieu Donné a New York tun 1976, akwai STPI a Singafo tun 2002. Sukan gayyato mai fasaha ya zo ya yi kwanaki ko makonni yana aiki da ƙwararrun gidan. Da yawa cikin baƙin nan ba su taɓa yin takarda ba kafin su shiga.

3/ Kuma takardar nan fa ba ta fotokwafi ba ce. Ana zuba auduga ko tsumman lilin a wani inji da aka ƙirƙiro a Holan tun ƙarni na 17, ya daka su cikin ruwa har su koma kamar kunu. A ɗebo da rariya, a kife, a matse, a shanya. Kowane mataki sai mai ido.

4/ Ku ɗauki abaka, zaren wata irin ayaba ta ƙasar Filifin. In an daɗe ana daka shi, awanni, takardarsa tana tsukewa sosai wajen bushewa. A lulluɓa ta a jikin waya tana jiƙe, ta ja wayar ta lanƙwasa, ta ɗaure tamau kamar fatar ganga. Wato tsawon dakan ne ke yanke siffar da aikin zai ɗauka. To wa ke tsaye a bakin injin? Baƙon da ya zo jiya? Haba.

5/ Do Ho Suh ɗan Koriya ta Kudu, ayyukansa na zare a cikin takarda a STPI aka yi su: a yi ɗinki a kan wata takarda mai narkewa, a ɗora kan jiƙaƙƙen kunun auduga, ta narke, zaren ya nutse ciki. Wallahi aikin ya yi kyau. Amma hannu nawa ya ɗaga wannan jiƙaƙƙen falle bai yage ba?

6/ Na san abin da za a ce: tunanin ai na mai fasaha ne, su kuma an biya su albashi. Ban musa ba. Sai dai a takarda, tunani da abin aiki ba sa rabuwa. Wanda ya ce maka “wannan zaren zai tsage, a gauraya shi da wancan” ya sa hannu a tunanin. Albashi kuwa ba ya sayen suna.

7/ Kada ma a ce ba a saba ba. Gidan buga zane na Tamarind, wanda June Wayne ta kafa a Los Angeles a 1960, yana danna hatimin wanda ya buga a jikin aikin kansa. In an iya a can, me ya hana a takarda, wadda dama ana iya saka mata tambari a cikinta tun tana jiƙe?

8/ Mu dai mun san ciwon nan. Fatar jan akuyar Sakkwato, majemanmu suka jeme, ta ƙetare Sahara, a Turai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

9/ Gidajen takardar kan ambaci mutanensu. Daga ƙofarsu zuwa bangon baje koli da kasuwar gwanjo ne sunan ke faɗuwa. Buƙatata layi ɗaya ce tak a ɗan kwalin da ake liƙawa kusa da aiki: wane ya yi takardar. Ɗaliban fasaha, in kun ga aikin takarda ba wannan layin, ku tambaya. Da ƙarfi.