Tagwayen katari a na'urar PET: a ƙiyasta su, kada a ɗebe su

Hoton da na'urar PET ke fitarwa sakamakon ƙidaya ne. Akan yi wa majiyyaci allurar sinadari mai fitar da fositiron, galibi sukari da aka liƙa wa fulorin-18. Da fositiron ya ci karo da ilektiron sai su shafe juna, ƙwayoyin haske biyu su tashi, kowace da ƙarfin keV 511, su nufi fuskoki biyu masu kishiyantar juna. Idan idanun na'urar biyu suka kama su cikin 'yan nanosakan, sai a ɗauke su tagwaye, a ja layi tsakaninsu.

Matsalar ita ce ba duk waɗanda suka iso tare ne 'yan ciki ɗaya ba. Wani lokaci ƙwaya ɗaya daga hanta take, ɗayar daga mafitsara, katari kawai ya haɗa su. Layinsu ƙarya ne, yana dusashe hoto, yana kuma gurɓata adadin da likita ke dubawa don sanin ko ciwon daji na jin magani. Idan aka ninka sinadarin, tagwayen gaskiya sukan ninka sau biyu, na katari kuwa sau huɗu. Shi ya sa ƙarin allura ba lallai ya ƙara wa hoto kyau ba.

Ba a iya nuna na katari ɗaya bayan ɗaya, sai dai a ƙiyasta yawansu. Wata hanya ita ce a jinkirta saƙon ido ɗaya har ya wuce lokacin da ɗan'uwa na gaskiya zai iso. Duk abin da ya dace a nan katari ne tsantsa. Wata kuma a lissafa daga yawan ƙwayoyin da kowane ido ya kama shi kaɗai. Ta farko ba ta karkata, amma adadinta na tangal-tangal. Ta biyu ta fi natsuwa, ko da yake takan ɗan zarce gaskiya.

Inda nake da ja shi ne tsohuwar al'adar ɗebe ƙiyasin daga ƙidaya tun kafin a gina hoto. Ɗebewa na ƙara hayaniya, har wasu layukan su koma ƙasa da sifiri, alhali dabarar da Shepp da Vardi suka gabatar a 1982, da wadda Hudson da Larkin suka hanzarta ta da ita a 1994, an gina su ne bisa ɗanyar ƙidaya irin ta Poisson. In aka mayar da abin da ya yi ƙasa zuwa sifiri, sai wuraren da sinadari bai taru ba su yi hasken da ba nasu ba. Abin da ya dace shi ne a bar ƙidayar yadda ta zo, a tace ƙiyasin, a miƙa wa lissafin a matsayin wani kaso na abin da ake sa ran gani. Bambancin ya fi fitowa a hoton zuciya da rubidiyam-82, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kusan daƙiƙa 75, domin dole a zuba shi da yawa.