Kira ga Kabawa: Kada Labarin Argungu Ya Bi Ruwa

Ya ku Kabawa, maza da mata, na gida da na ƙetare! Duniya ta san Argungu da kwana huɗu na bikin su. Ta ga dubban masunta sun ruga Matan Fada da gora da homa, ta ga an fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Tun 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake alfahari da su. Madalla. Amma idan baƙi sun watse, wa ke kula da sauran gadon?

Ku tambayi yaron da ke sakandare a garin nan dalilin fara bikin. Kaɗan ne za su gaya muku cewa a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka karrama shi da su, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato. Bikin sulhu ne, kuma al'ummar da ta manta yadda kakanninta suka ajiye takobi ta yi babbar asara.

Ga Gidan Nabame a tsakiyar gari, fadar sarakuna har zuwa 1942, gidan tarihi na Kanta tun 1958. A ciki akwai tambura da masu da takubba da kayan su na dā, a nan kuma sarakunanmu suke kwance. Mutum nawa ne cikinmu suka taɓa riƙe hannun ɗansu suka shiga? Bature ya keto teku ya zo kallo, mu da ke maƙwabtaka muna wucewa a kan babur ko waiwaye babu.

Surame ce ta fi ba ni tausayi. Birnin Muhammadu Kanta ne, wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16 ya kafa daular da ta gagari maƙwabta. Ganuwarsa ta dutse ce, an jera shi hawa-hawa, kuma tun 1964 gwamnati ta ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Yau ciyayi da saiwoyin itatuwa ne ke ture duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi suna cewa Nufawa sun makara zuwa aikin ginin, sai Kanta ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗe za su kwaɓa ƙasa. Azbinawa kuwa a kan raƙuma suka riƙa jigilar ruwa. Ko an ƙara gishiri, labarin yana nuna mana irin kwarjinin mutumin.

Sai labaran ruwa, waɗanda ake yi da murya ƙasa-ƙasa. Ana cewa Sarkin Ruwa yakan riga kowa shiga gulbi, ya sallami kadoji su kauce har a gama su, ya kuma gayyato kifi daga wasu koguna. Ana ba da labarin gurbin da ba a shiga da tsakar rana, da mutanen ɓoye da ke jan ƙafar mai taurin kai. Na san wasu za su ce camfi ne, a bar shi ya mutu. Ban yarda ba. Adana labari daban, yin imani da shi daban. A cikin irin waɗannan labarai ne masunta suka ɓoye iliminsu na inda ruwa ke da zurfi, da lokacin da ake ɗaga wa kifi ƙafa ya hayayyafa kafin fashin ruwa.

Saboda haka, 'yan makaranta, wayar da ke hannunku ta isa. Ku durƙusa gaban kaka ko wani dattijon masunci, ku gaishe shi, ku ɗauki muryarsa da Kabancinsa yadda yake. Malamai, ku kai ɗalibai Gidan Nabame ko sau ɗaya a zango. Attajirai, ku ɗauki nauyin sharar Surame da buga littattafai da Hausa. Masarauta da gwamnatocin Kebbi da Sakkwato, a sa masu gadi, a gyara hanya. Dattawan da suka san labaran nan kullum raguwa suke yi, don haka ku fara a wannan makon, kada ku jira biki mai zuwa.