'Yar Robar Da Ke Tsare Ruwan Gubi

Duk wanda ya zaga unguwannin Bauchi ranar da aka sako ruwa, daga Jahun zuwa Wunti, ba zai rasa ganin bututun da aka naɗe da tsohuwar robar cikin taya ba, ruwa na tsartuwa ta gefe. Ruwan nan daga madatsar Gubi ya taso, aka tace shi, aka sa masa magani da kuɗin jama'a, sa'an nan ya zo ya ƙare a kwata.

Abin da ke riƙe ruwa a mahaɗar bututu ko cikin kan famfo, wata 'yar roba ce mai kama da zobe. Ƙarfinta yana ga taushinta. In aka matse ta sai ta cike kowace kafa, kuma muddin taushin yana nan, ko ɗigo ba ya wucewa. To, amma zafin rana da daɗewa sukan busar da ita har ta tsage. Kuma kowace roba da aikinta. Wadda aka yi domin ruwa kumbura take in ta sha fetur.

Kada mai karatu ya raina ƙanƙantarta. Ran 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka, Challenger, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka halaka, saboda sanyi ya sandarar da irin wannan zoben. Su sanyi ya cuce su, mu kuwa zafi ne abokin gabarmu.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yakan zubar da wajen lita 30 a kwana guda, fiye da jarka ɗaya ke nan. Amma a ganina asarar ruwa ce ƙaramar matsala. Idan aka ɗauke ruwa, bututu ya zama fanko, kafar da ruwa mai tsabta ya fita ta nan ƙazamin ruwan kwata yake shiga, kuma shi ne zai fara zuba a bokitin uwargida in an sake sakowa. Jihar Bauchi kuwa tana cikin waɗanda annobar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a 2021.

Saboda haka muna roƙon hukumar ruwa ta fara da bututan da suka ratsa cikin kwatoci. Mai gida kuma, in ya ga famfonsa na ɗiga, ya kwance tsohon zoben ya tafi da shi kasuwa, domin a ba shi daidai girmansa.