Magini da Mai Gida: Wa Zai Biya Gyaran Aikin da Ya Ɓaci?

Ga wata magana da kowace damina ke tayarwa a Dauran da sauran ƙasar Zurmi, har Shinkafi da Ƙauran Namoda, watau rigimar mai gida da magini. An yi jinga da rani, an biya, ruwan Agusta ya sauka, sai bango ya tsage, soro ya kama yoyo a kan buhunan gero. A nemi magini, ya ce ikon Allah ne.

Abin yana da asali. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin dako ya hau, a farkon 2024 kuwa buhun siminti ya wuce naira 10,000. Maginin da ya yanke jinga bisa tsohon tsada, maimakon ya koma ya faɗi gaskiya, sai ya ƙara yashi ya rage siminti. Bulon nan ido ba ya gane shi sai ruwa ya taɓa shi.

To, Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa masu sana'a lamunin abin da suka tafi da shi, kamar maɗinki da marini. Magini kuwa a gidan mutum yake aiki, saboda haka ba a kama shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Ambaliya irin wadda ta ci gidaje a Gummi a 2024 ba ta da mai biya. Amma in sakaci ko ha'inci ya tabbata, gyara a wuyansa yake. In kuwa mai gida ne ya yi rowar siminti, magini ya gargaɗe shi ya ƙi ji, to ya kuka da kansa, ga shi kuwa attajirai da yawa a nan suke faɗawa.

Wuyar duka a shaida take. Mai gida ya fusata, ya rushe bangon, ya kira wani ya sāke, sa'an nan ya kai ƙara. Me alƙali zai duba? Ya rushe hujjarsa da hannunsa. Abin da ya kamata, a bar aibin yadda yake, a kira Sarkin Magina ko tsofaffin magina biyu adilai su murza bulon, su duba tushe da indararo, su faɗi inda ɓarnar ta fito. Galibi a nan ake sulhu, domin magini ya fi tsoron kunya a gaban 'yan sana'arsa bisa ga tara. In ya ƙi, kotunan Shari'a suna nan, maganar masanan nan ita alƙali zai nema.

Wanda bai fara gini ba tukuna, ya rubuta sharaɗi gaban shaidu: wa zai sayi kaya, yaya za a yi in tsada ta hau. Kada kafin alƙalami ya cinye rabin jinga, a kuma riƙe wani abu sai ginin ya sha ruwan Agusta.