Wasiƙa Zuwa Ga Maginan Ƙasar Haɗejiya

Iyayena da 'yan'uwana magina, tun daga masu riƙe cokalin gini har zuwa masu zana gida a takarda.

Makon jiya muka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu a nan Baturiya. Magini ne irinku. Duk rayuwarsa gidajen zama ya gina, na manoma da masunta, a ƙauyukan Kiri Kasamma. A zaman makoki na ga dattawan da ban sani ba, kowa da ya gama ta'aziyya sai ya ambaci ɗakin da Baba ya gina masa, ya ce har yau a ciki yake kwana. Shi ya sa na ga bai kamata abin da na koya a bayansa, ina miƙa masa tubali, ya tsaya a bakina ni kaɗai ba.

Na farko, Baba ba ya fara aiki da igiya da turaku. Sai ya zauna a zaure da maigida ya yi ta tambaya: yara nawa ne, akwai tsohuwa a gidan, ina awaki za su kwana? Sannan ya aika a tambayo uwargida inda take son murhunta, don hayaƙi kada ya cika ɗakuna, ita kuma tana tuƙa tuwo tana hango 'ya'yanta. Ɗakin tsohuwa yakan sa shi kusa da makewayi, ya rage tsayin dokin ƙofa saboda gwiwa. Ƙofar zaure da ta shigifa kuwa ba ya bari su kalli juna, don idon mai wucewa kada ya faɗa tsakar gida. A gidansa ya koyi wannan. Mutum ne da magariba ba ta yi masa a waje, da mu yake cin tuwon dare, kuma ya san tashin hankalin uwa in rufi ya yi yoyo a kan jariri cikin tsakar dare. Ku ma ku fara da sanin masu kwana a ciki, kafin ku ja layi a ƙasa.

Na biyu, ku ji tsoron ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, shi kuma ya riƙa fasa sababbi, yana shiga inda kakanninmu ba su taɓa ganinsa ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai na ba ku labari ba, da hannunku kuka kwashe ɓaraguzai. Kun kuma ga cewa bangon ƙasa ta gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta masa kwana biyu ko uku, ya jiƙe, ya zauna. Baba kafin ya haƙa harsashi sai ya nemi mafi tsufa a unguwa ya nuna masa iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ya duba tabon da ya bari a jikin tsofaffin itatuwa. Sai ya yi ciko ya wuce wannan tabo. Ku ɗaga gindin bango da dutse ko bulo mai ƙwari har ya kai gwiwa ko ƙugu, sannan tubali ya hau. Ku tsawaita indararo ya watsa ruwa nesa da bango. Kada ku haƙi ƙasar gini a bayan ɗakin da kuke ginawa, domin ramin yau shi ne kududdufin watan Agusta. In kuma filin a bakin fadama yake, ku faɗa wa mai shi gaskiya ya nemi tudu, ko da aikin zai kuɓuce muku.

Na uku, kada siminti ya sa ku raina ƙasa. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu ya san darajar soro. Da ƙasa da azara Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ga shi har gobe masu karatun gine-gine suna zuwa kallo. Da ƙasa Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Yaama a yankin Tawa a 1962, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Abin da ƙasa take nema shi ne a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a shafe ta da makuba ko laso, a sabunta yaɓe kafin damina, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Azara ta yi wuya saboda an sare giginya ba a dasa ba. Kurmin Baturiya, da ya shiga jerin dausayin Ramsar a 2008, ba wurin saran itacen rufi ba ne. Ku zama cikin masu dasawa.

In kuwa bulo za ku yi, ku yi na Allah. Bulon da yaro zai murje da yatsa cin amana ne, haka kuma wanda ba a yi masa ban ruwa ba. In kuɗin maigida ba su kai ɗaki uku ba, ku gina masa biyu masu ƙarko, ku bar masa filin na uku. Ku sallami lebura a ranar da ya yi aiki, ku kuma bar yaranku su ɗora tubali da hannunsu, kada su tsufa a kwaɓa ƙasa.

Roƙona ɗaya ne. Kafin hadarin farko na bana, kowannenku ya zaga gidajen da ya gina, ya durƙusa ya duba gindin bango, kamar yadda Baba yake yi duk shekara ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ku gina kowane ɗaki kamar 'ya'yanku ne za su kwana a ciki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam,
Ɗanku kuma ɗan'uwanku, daga Baturiya.