Raddi ga Kelsus da Magadansa: Wace Hikima ce Bulus Ya Kira Wofi?

A shekarar 1857 masu tonon kayan tarihi a tudun Falatin da ke birnin Roma suka ci karo da wani zane da aka karce a jikin bango. Ga mutum a kan gicciye, amma kansa na jaki ne. A gefe ga saurayi tsaye ya ɗaga hannu, a ƙasa kuma an rubuta da karkataccen Girkanci cewa Alekzamenos ne ke yi wa allahnsa sujada. Masana suna ganin an yi zanen wajen shekara ta 200, kuma ba'a ce wani ya yi wa abokin zamansa Kirista.

Abin da mai zanen ya faɗa da tsinin ƙarfe, wani masanin falsafa mai suna Kelsus ya riga ya faɗe shi da alƙalami. Wajen shekara ta 178, zamanin Sarki Markus Awreliyus, ya rubuta littafi ya sa masa suna Kalmar Gaskiya. Ba ɗan tasha ba ne. Ya san Aflatun ciki da waje, ya kuma karanta littattafan Kiristoci kafin ya kai musu sara. Sai da aka yi kusan shekara 70 kafin Orijin, malamin Iskandariya da ya koma Kaisariya da zama, ya mayar masa da martani a shekara ta 248, cikin juzu'i 8. Kelsus ya daɗe da zama ƙasa, amma hujjojinsa na nan da ransu a ɗakunan kwanan ɗalibai da shafukan Facebook, inda akan ji cewa bangaskiya mafakar wanda ya gaza tunani ce. Ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zargi na farko: Kiristanci ya tsani ilimi

Kelsus ya ce Kiristoci suna hana mutum tambaya, suna ɗaukar hikima a matsayin cuta, wauta kuma a matsayin falala. Madogararsa ita ce wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda aka kira hikimar duniya wauta a gaban Allah.

Wanda zai fahimci wannan magana sai ya fara sanin garin da aka aika wa ita. Sojojin Roma sun rushe Korinti a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyus Kaisar ya sāke kafa ta a ta 44, ya zuba mata 'yantattun bayi da yawa. Gari ne na sabon kuɗi, mai tashar jiragen ruwa biyu, inda kowa ke neman a san da zamansa. Duk bayan shekara 2 ana gasar wasanni a kusa da garin, kuma marubuci Diyo Kirisostom ya bar mana hoton wurin: gwanayen magana suna ta zage-zagen juna a bakin haikali, almajiransu suna ba hamata iska. Waɗannan gwanaye sana'arsu ke nan. Ka biya, su koya maka yadda za ka kayar da abokin gardama ko da shi ne mai gaskiya. A bakin mutumin Korinti, wannan ake kira hikima.

Bulus ya yi wata 18 a garin, wajen shekara ta 50 zuwa 52, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa. Bayan tafiyarsa sai ikilisiya ta kwaso halin kasuwa: wasu suka zama 'yan Bulus, wasu 'yan Afolos mai zaƙin baki, wasu 'yan Kefas, kamar magoya bayan 'yan dambe. Wannan cuta wasiƙar ta zo yi wa magani. Bahaushe ya huta da wannan ruɗani, domin yana da kalmomi daban. Ilimi gishirin zaman duniya ne, wayo kuwa na Gizo ne, wanda kullum dabararsa cikinsa take yi wa aiki. Wayo Bulus ya kira wofi, ko da an naɗa masa rawanin malanta.

Shi kansa Bulus ɗan Tarsus ne, garin da marubuci Istarabo ya yaba da son karatu. Ya yi almajirci a gaban Gamaliyel, kuma da ya tsaya a gaban dattawan Atina, da baitin mawaƙinsu Aratus ya kafa musu hujja. Orijin kuwa ya shafe shekaru yana jera Tsohon Alkawari a layi 6, Ibrananci da fassarorin Girkanci gefe da gefe, don a gane inda suka saɓa. Maƙiyin bincike ba ya irin wannan wahala. Game da gaskatawa kafin gani, Orijin ya tuna wa Kelsus cewa mai shiga jirgin ruwa, da mai ɗaura aure, da manomin da ya zuba irinsa a ƙasa, duk a kan amana suke tafiya, kuma ba wanda ya ce da su wawaye.

Zargi na biyu: addinin masaƙa ne da dukawa

Nan ne Kelsus ya fi nuna raini. Ya ce masu yaɗa wannan addini masu aikin ulu ne, da masu ɗinkin takalma, da masu wanki, waɗanda ba sa iya buɗe baki a gaban iyayengijinsu, sai sun keɓe da mata da yara.

Rabin maganar gaskiya ce, kuma Bulus ya riga shi faɗa: masu ilimi da masu mulki ba su da yawa a ikilisiyar Korinti. Amma Orijin ya lura cewa rashin yawa daban, babu daban. A wannan ikilisiya akwai Kirisbus shugaban majami'a, akwai Arastas ma'ajin gari.

Sauran rabin kuwa asirin mai zargin ya tona. A wurin Kelsus, gaskiya kaya ce ta mai hutu, wanda bayi ke yi wa noma yana zaune a inuwa yana muhawara. In haka ne, yawancin 'yan Adam an haife su ne ba su da rabo a cikinta. A shekara ta 177, daidai lokacin da yake shirya littafinsa, aka kama wata baiwa mai suna Bilandina a birnin Liyon na Faransa ta yau. Uwargijiyarta, wadda ita ma Kirista ce, tana tsoron yarinyar ba za ta jure ba. Aka yi mata azaba tun safe har yamma, masu azabar suka gaji, ita ba ta canja magana ba. Jarumtar da masu falsafa ke rubuta littattafai a kanta, ga ta a jikin baiwar da ba su ɗauke ta cikakken mutum ba.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sun san inda wannan hanya ke kaiwa. Ɗan mishan Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, aikin mishan ya koma Wusasa a 1929, cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932. Daga ƙaramar al'ummar Kiristocin wannan mishan aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966.

Zargi na uku: Allah ba ya hawa gicciye

Dole a yi wa Kelsus adalci. A idon Baroma, gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye. A shekara ta 71 kafin Almasihu, Karasus ya gicciye bayi 6,000 a gefen hanyar Afiya bayan tawayen Isfatakus. Sisero yana ganin ko sunan abin bai dace ya shiga kunnen ɗan ƙasar Roma ba. Don haka Kelsus ya ce, da Yesu Ɗan Allah ne, da ya ɓace daga kan gungumen, da ya rama a kan waɗanda suka yi masa ba'a.

A nan ma'aunin nasa ya fito fili: mai iko shi ne mai iya ramuwa. To, su wa suka yanke hukuncin gicciye Yesu? Ba 'yan tauri ba ne. Babban firist Kayafa ya yi lissafin ƙwararren ɗan siyasa, ya ga gara a sadaukar da mutum ɗaya da a rasa ƙasa. Bilatus, wakilin tsarin shari'ar da duniya ke alfahari da shi, ya san mutumin ba shi da laifi, amma ya auna kujerarsa da ran Bagalile, kujera ta rinjaya. Kowannensu ya yi abin da mai wayo zai yi, sakamakon kuma shi ne kisan marar laifi. Shi ya sa Kirista ke cewa gicciye ya yi wa hikimar duniya tsirara: a ranar da ta fi ƙwarewa, abin da ta haifa ke nan. Bangaskiyar Kirista ita ce Allah ya zaɓi ya tsaya a inda ake tsayar da bawa, ya kuma tabbatar da wannan zaɓi da tashin Almasihu daga matattu. A ƙarni na 4 daular da ta gicciye shi ta soke hukuncin gicciye, a zamanin Sarki Kwanstantin.

Zargi na huɗu: Aflatun ya riga ya faɗa, kuma ya fi iya faɗa

Orijin bai musa cewa Girkancin Aflatun ya fi na masunta daɗi ba. Sai ya kawo misalin masu girki biyu, ɗaya yana dafa wa attajirai ƙalilan, ɗaya yana dafa abin da zai ƙosar da gari. Tambayar ita ce wa ya ci.

Aristotal, da duk zurfinsa, ya koyar cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta, ya kuma ba da shawarar doka ta hana renon jariri mai naƙasa. Seneka, wanda ya yi rubutu mai ratsa zuciya a kan raina dukiya alhali an ƙiyasta tasa da sastar miliyan 300 na kuɗin Roma, ya ambaci nutsar da jarirai raunana a ruwa a matsayin aikin hankali. Ba a littafi kaɗai abin ya tsaya ba. A juji na garin Oksirinkus a Masar an tono wasiƙar wani ɗan ci-rani mai suna Hilariyon, wadda ya aika wa matarsa daga Iskandariya shekara 1 kafin Almasihu. Wasiƙa ce mai taushi, yana rarrashinta, yana cewa zai aiko da kuɗi da zarar an biya shi. A tsakiyarta ya ce in ta haihu namiji ta rena, in mace ce ta yar.

Da annoba ta ɓarke wajen shekara ta 250, Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ya ba da labarin yadda mutane ke tura 'yan'uwansu kan titi tun ba su cika ba, Kiristoci kuwa suna jinyar marasa lafiya har cutar ta kwashe da yawansu. A shekara ta 251 ikilisiyar Roma kaɗai tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Shaida mafi ƙarfi daga bakin abokin gaba ta fito. Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma ga gumaka da falsafa, ya rubuta wa babban firist na Galatiya a 362 yana ƙorafin cewa Galilawa, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Bishop Basil, wanda ya yi karatu a Atina a zamani ɗaya da Juliyan, bai zubar da iliminsa ba. Bayan yunwar da ta auka wa Kafadokiya, ya gina unguwa guda ta jinyar marasa lafiya da kutare a bayan garinsa.

Zargi na biyar, na magada: Hifatiya da Galileyo fa?

Laifi tudu ne, kuma wannan na Kiristoci ne. A shekara ta 415 gungun Kiristoci suka kashe Hifatiya, malamar lissafi da falsafa, a Iskandariya, ana tsakiyar rikicin iko tsakanin bishop da gwamna. A 1633 kotun coci ta tilasta wa Galileyo janye maganarsa. Ba mai wanke waɗannan. Sai dai a dubi ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokutan biyu: kare kujera da rufe bakin abokin hamayya, wato lissafin Kayafa a cikin rigar limanci. Gargaɗin Bulus tun asali ikilisiya aka yi wa shi, kuma ita ce ta fara cancantar jin sa.

Su kuma masu cewa digiri kaɗai ya isa ya gyara mutum, ga ranar 20 ga Janairu 1942. Jami'ai 15 suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wanse kusa da Balin, 8 daga cikinsu masu digirin dakta, suka tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai cikin zaman da bai kai awa 2 ba. Wasu shehunan tauhidi na jami'o'in Jamus ma sun sa wa Hitila albarka. A waɗannan shekaru, manoman ƙauyen Shambon a tsaunukan Faransa, da fastonsu Andire Turokme, suna ɓoye dubban mutanen da ake farauta a gidajensu da gonakinsu. Masanin tauhidi Ditirik Bonhofa kuma, wanda ya sami digirin dakta yana ɗan shekara 21, ya bi hanyar manoman, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945.

Shekara 2 bayan kammala raddinsa, aka kama Orijin a tsanantawar Sarki Desiyus. Yana da shekara 60 da 'yan kai aka ɗaure shi da sarƙa, aka miƙe ƙafafunsa a turu kwana da kwanaki don ya yi wa gumaka hadaya, ya ƙi. An sake shi da karyayyen jiki, ya rasu wajen 254. Littafin Kelsus kuwa ko kwafi ɗaya bai tsira ba. Duk abin da masana ke karantawa a yau da sunan Kalmar Gaskiya, daga cikin raddin Orijin suka tsinto shi, domin kafin ya amsa kowace hujja sai da ya kwafe ta da kalmomin mai ita.