Fijo 504 ce, ba "Old Taxi" ba

1/ Ga samarinmu masu haɗa wasan tseren mota na waya: kun sa tsohuwar Fijo a jerin motocinku, kun rubuta mata "Old Taxi", kun ba ta gudu mafi ƙanƙanta. Wannan raini ne. Ku biyo ni.

2/ Farko a san wace mota ce. 404 fitilunta na gaba zagaye ne, bayanta da ƙahonni biyu. 504 fitilun masu kusurwa ne, murfin but ɗinta ya karye ya gangaro. 505 sai 1979 ta fito. Taku 504 ce. Ku kai hoton wajen kowane tsohon bakanike a Jega ku ji.

3/ Ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi shekara da shekaru yana harhaɗa ta.

4/ Masu cewa "ai ba motar tsere ba ce", ku saurara. A 1975 kaɗai 504 ta ci Safari Rally a Kenya da Ove Andersson, ta ci na Maroko da Hannu Mikkola, ta ci Bandama a Kwaddebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurin V6 mai ƙofa biyu.

5/ Wato a laka da ƙura da ramuka ta doke manyan motoci. Amma Dodge Charger ta NASCAR, mai zagaya kwalta a Amurka, ita kuka rubuta wa suna da shekara da girman inji. Haba jama'a!

6/ Na san hujjarku: sa sunan Peugeot sai da lasisi. Gaskiya ne, kuma kamfanin ba ya wasa da lambobinsa. Shi ya hana Porsche kiran motarta 901 saboda sifirin tsakiya, ta koma 911.

7/ To amma GTA ma sunayen ƙirƙira take sawa, kuma ba ta zagin motar. Ku raɗa mata suna da Hausa. Mu da muka kira fikof a-kori-kura, suna zai gagare mu?

8/ Fili ma muna da shi. Bikin kamun kifi na Argungu yana da nasa tseren motoci. Ku zana hanyar Jega zuwa Aliero da lodin albasa a gefen titi, ko ta Maiyama da damina.

9/ Ƙannenmu daga wasan nan suke sanin mota. In sun tashi da cewa motar da ta kai kakanninsu kasuwa da asibiti abin dariya ce, ku kuka koya musu.

10/ Ku gyara sunan, ku gyara gudun. Wanda akwai 504 a gidansu ya ajiye hotonta a ƙasa, da sunan da ya ga ya dace da ita.